Ƙugiyar da ta raba takawa da taƙama

Akwai wani bayani da yake yawo a bakin masu sharhi a rediyo da masu rubutu a Facebook, har ya fara zama kamar karatun gado: wai kalmar taƙama daga takawa aka samo ta. Masu wannan ra'ayi suna cewa sarki ne yake takawa, talaka ya gani ya kwaikwaya, sai aka kira kwaikwayon taƙama. Saboda haka kalmomin biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, bambancin kawai wanda ya yi tafiyar. Bayanin yana da daɗin ji, yana kuma da saurin shiga kai, musamman ga wanda idonsa ya saba da ganin an rubuta "takama" babu ƙugiya. Amma kuskure ne, kuma ɓarnarsa ba ta tsaya a ajin nahawu ba.

Mutum biyu ne suke cin ribar wannan ruɗani, ga shi kuwa ba sa ga maciji da juna. Na farko shi ne maroƙin zamani mai waya a hannu, wanda duk wanda ya hau kujera sai ya laƙaba masa "Takawa", ko da rabon mutumin da sa ƙafa a unguwarsu tun ranar jefa ƙuri'a. Na biyu shi ne ɗan bokon da masu mulki suka ƙure wa haƙuri, har ya yanke hukuncin cewa duk wata natsuwa da ake gani a jikin babba girman kai ne aka naɗa wa rawani. Na farko ya ɗauki taƙama ya kira ta takawa don ya samu na cefane. Na biyu ya ɗauki takawa ya kira ta taƙama don ya huce haushi. Harshen da suke magana da shi ya raba abubuwan nan biyu tun kafin a haifi kakanninsu, kuma al'ummar da ta bari suka cakuɗe za ta wayi gari ba ta da kalmar yabon shugaba nagari, ba ta kuma da kalmar tsawata wa mai fankama.

Zuriyar taka

Kalmar da Bahaushe yake kiran yanayin tafiyar mutum da ita, ba yabo ba zargi, ita ce taku. Uwa takan gane ɗanta da takunsa tun yana zaure, makaho kuma yakan san wanda ya shigo kafin a yi sallama. Asalin kalmar a fili yake: daga aikatau taka ta fito, kamar yadda kamu ya fito daga kama, bugu daga buga. Taka kuwa ita ce ɗora tafin ƙafa a kan abu a sakar masa nauyin jiki.

Wannan saiwa ta yi 'ya'ya da yawa. Akwai takawa, wadda aka gina kamar kamawa da dafawa. Akwai tattaki, daga ninkin tattaka, kamar yadda yayyafa ta ba da yayyafi. Shi ya sa a 2015, da wani matashi ya taso daga Legas zuwa Abuja a ƙasa don murnar sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, ba wanda ya tsaya neman sunan abin da ya yi. Akwai mataki, wurin sa ƙafa, ɗan'uwan mazauni da masauki, wanda yau hukumomi suke alkawarin ɗauka a kowane labarun yamma. A 1960 masanin harshe F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti, kuma taka tana nuna yadda tsarin yake aiki sarai. Wanda ya taki sa'a ya ci karo da alheri a hanyarsa. Wanda ya tako ya nufo inda mai magana yake, abin da ya sa mai gida yake yi wa babban baƙo godiya da cewa ya tako da ƙafarsa. Wanda ya take kuwa ya danne abu gaba ɗaya, shi ya sa ake take haƙƙin maraya, ake take gaskiya.

Salon maganar da aka gina a kanta ma haka yake. Mai taka-tsantsan yana duban inda zai sa ƙafa. Mai taka doka ya san da ita ya bi ta kanta. Wanda ya taka sawun ɓarawo ya jawo wa kansa zargi ko da bai ɗauki komai ba. Takun saƙa, wanda jaridu suke sa wa duk wani saɓani tsakanin gwamna da mataimakinsa, daga wurin masaƙi aka ɗauko shi: yana zaune, ƙafa ɗaya ta danna ƙasa ɗaya ta ɗaga, zaren ya buɗe ƙoshiya ta wuce, sannan su sauya. Ƙafafun biyu aiki ɗaya suke yi, amma ba a taɓa samunsu a ƙasa tare.

Abu biyu suka haɗa wannan zuriya. Na ɗaya, ko'ina aka juya akwai ƙasa a ƙarƙashin ƙafa, akwai nauyi, akwai abin da zai biyo baya. Na biyu, dukkansu da k ake faɗarsu, babu ko ɗaya da ta rikiɗa ta koma ƙ.

Sauti biyu, ba ɗaya ba

K da ƙ baƙaƙe ne biyu masu zaman kansu. Wajen furta k iska daga huhu take fitowa. Wajen furta ƙ sai maƙogwaro ya rufe ya tunkuɗo iskar da ta taru a baki, abin da ya sa masana suke kiransa tunkuɗau. Yaron goye ma yana jin bambancin, domin da shi ake raba kafa da ƙafa, baki da baƙi, kara da ƙara, saka da saƙa. Editan da ya buga "takun saka" ya kori masaƙi daga cikin maganar, ya bar mai karatu da kalmomi biyu da ba su haɗa ma'ana ba.

Babu wata ƙa'ida a Hausa da take mayar da k ta koma ƙ idan ana ƙirar suna daga aikatau. Babu kuma ɗafa-ƙeyar -ma da ake maƙala wa aikatau a samu suna irin wannan: ba a samun "kamama" daga kama, ko "dafama" daga dafa. Ita -ma ɗin da ake ji a Galadima da Ciroma da Yarima daga Barno ta zo tare da sarautun, tana nuna mai riƙe da abu, ba ruwanta da tafiya. Wanda yake son ya fitar da taƙama daga taka sai ya sauya baƙi ɗaya ba dalili, ya ƙirƙiro ɗafin da babu shi. Kama da wane ba ta wane.

Wasu kuma, saboda al'adar nan ta kai kowace kalma mai nauyi Makka, sukan ce daga takabbur na Larabci take, wato girman kai. Nan ma sauti bai yarda ba. Kalmomin Larabci masu kaf da k suke shigowa Hausa: kalma, hikima, albarka, kafiri, hukunci. Masu ƙaf ne suke ba da ƙ: alƙali, alƙalami, ƙiyama, ƙa'ida, ƙaddara. Takabbur da kaf take. Bayan haka sai an bayyana inda b biyu da r suka shiga, da inda m ta fito. Kusancin ma'ana ba ya zama shaidar haihuwa.

Raba sautukan nan a rubuce aiki ne da ya ci shekaru. Malaman ajami da dama sun ware wa kowanne harafinsa, kaf ga ɗaya, ƙaf ga ɗayan. Turawan farko da suka rubuta Hausa, irin su Schön wanda ƙamusunsa ya fito a 1876, kunnensu bai kama bambancin ba. Ƙamusun Bargery na 1934 ya raba su da alama. A ƙarshen shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya suka zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East, daidai zamanin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sannan taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 suka tabbatar da su. Abin da aka yi wannan wahala a kansa shi ne yau mai digiri yake yarwa, yana cewa wayarsa ce ba ta da harafin.

Abin da taƙama take nufi

Taƙama tana da ƙafa biyu, ɗaya a jiki ɗaya a baki. A jiki, ita ce tafiyar da ake buɗe ƙirji, a ware hannuwa, a ɗaga haɓa, ido yana satar kallon masu kallo. Ko doki yana yinta ranar hawa, idan mahayi ya ja linzami ya tanƙwara wuya yana ɗaga ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya. A baki kuwa, ita ce dogaro da wani abu da nuna shi ga jama'a, kuma a nan nahawu ya tona asirinta: ba ta tafiya sai da da. Ana taƙama da kuɗi, da dangi, da ilimi, da ubangida. Taka kai tsaye take faɗa wa abin da ta taka, ƙasa ko doka ko ƙaya. Taƙama sai ta riƙo wani abu ta ɗaga shi sama.

Wannan ne ya sa tambayar da ta fi kowace zafi a rigimar Bahaushe ita ce "da me kake taƙama?", ko wadda ta fi ta ciwo, "da wa kake taƙama?" Mai tambayar ya san cewa ƙarfin da ake nuna masa na aro ne, yana neman a faɗa masa mai shi. Ba a taɓa tambayar mutum da me yake takawa, domin amsar a bayyane take: da ƙafarsa.

Ba kowace taƙama ce abin zargi ba. Kano tana taƙama da marinar Ƙofar Mata, Argungu da bikin kamun kifi, Agadas da hasumiyar masallacinta, uba kuma yakan kira ɗiyarsa da ta sauke Alƙur'ani abin taƙamarsa. Amma ko a wannan fuska mai kyau sharuɗɗan nan biyu suna nan: sai da abin nunawa, sai da wanda za a nuna wa. A kwashe 'yan kallo, taƙama ta mutu nan take, domin ba wanda yake yinta shi kaɗai a ɗaki. Taku kuwa yana tare da mai shi ko a tsakar dare.

Hausa ba ta yi rowar kalmomi a wannan fage ba, kuma kowace da hukuncin da take ɗauke da shi. Rangwaɗa tana karya jiki da gangan, rangaji yana lilo kamar reshe a iska, yanga tana jan rai, yauƙi yana jan lokaci. Sanɗa ta mai ɓoyewa ce, tangaɗi na wanda ƙafarsa ta daina yi masa biyayya, ɗingishi na mai ciwo, sassarfa ta wanda yake tsakanin tafiya da gudu. Ga kuma amsa-kama: saɗaf-saɗaf, tinƙis-tinƙis, buguzun-buguzun, ƙwas-ƙwas. Mutanen da suka ware wa tafiyar mai maye suna daban da ta mai rauni ba za su rasa bambanta tafiyar mai ɗauke da jama'a da ta mai ɗauke da kansa ba.

Dalilin da ya sa sarki ba ya sauri

A fada ne takawa ta tashi daga sunan aiki ta zama kirari. Idan sarki ya miƙe, dogarai da fadawa sukan ɗaga murya suna cewa takawa sannu, suna cewa hattara idan an zo dokin ƙofa ko tudu. Duk wanda ya saurara da kyau zai ji cewa wannan umarni ne, kuma daga ƙasa yake hawa sama: bara ne yake faɗa wa ubangidansa yadda zai sa ƙafa. Ana tuna masa cewa jikin nan ba nasa ne shi kaɗai ba, in ya yi tuntuɓe gari ne ya yi tuntuɓe. A hankali kalmar ta zama sunan mai tafiyar. A Kano, zamanin Alhaji Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014, in an ce Takawa ba a tambayar wa ake nufi.

Kayan sarautar kansu ba sa barin gaggawa. Tarihin Kano ya jingina kakaki da figini da takalmin gashin jimina ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Mutumin da ya sa wannan takalmi, ya yafa alkyabba, ya naɗa rawani, ya riƙe tagwayen masu, ba shi da hanyar ruga wa kowa, ba shi kuma da hanyar guje wa kowa. Ranar Sallah Sarkin Kano a ƙasa yake tafiya daga Gidan Rumfa zuwa filin Idi na Ƙofar Mata, sai an idar ya hau doki. Hawan da ke biyo baya, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024, zagaya unguwanni ne a gaban idon mutanen da suke zaune a cikinsu.

Ma'anar jinkirin ke nan. Mai tafiya sannu ana ganinsa, ana iya ƙare masa kallo, tsohuwa tana iya ɗaga murya ya ji. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano a ƙarshen ƙarni na 15 ya rubuta wa Rumfa nasiha kan wajiban sarakuna, ya ware babi guda kan kamun kai da kyawun kamannin mai mulki, ya kuma yi ta nanata gargaɗi ɗaya a cikin littafin: ɓuyan sarki ga talakawansa shi ne tushen kowace fitina. Idan aka haɗa nasihohin nan biyu, takawa ce take fitowa, wato natsuwar da ake yi a fili inda mai ƙara zai iya isowa.

Hujjar masu suka

Mai suka zai ce wannan duk ado ne aka yi wa danniya. Zai ce talakan da aka tilasta wa cire takalmi ya durƙusa a rana don wani zai wuce bai ga wata natsuwa ba, ya ga iko ne tsirara. Maganarsa tana da tushe, kuma ba yau aka fara yinta ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙ ya lissafa al'adun sarakunan Hausa da ya ƙi, ciki har da zuba ƙasa a ka wajen gaisuwa. Da aka kafa NEPU a Kano a 1950, cikin abubuwan da Malam Aminu Kano da mutanensa suka yaƙa akwai wannan durƙuso da cire takalmi ga hakimai da 'yan barandansu. Sun gane cewa wanda ya mallaki yadda kake tsayuwa da yadda kake tafiya ya mallake ka.

Sai dai wannan tarihi ƙarfafa bambancin yake yi. Masu jihadi da 'yan sawaba ba su ce a daina kamun kai ba. Malam Aminu kansa da sauƙin hali da farar riga marar ado aka san shi, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba shi da kwarjini. Abin da suka ce shi ne masu mulki sun bar nauyin da aka ɗora musu sun koma nuna kayan mulkin. Da kalmomin wannan maƙala, sun bar takawa sun koma taƙama. Ba a iya yin wannan zargi sai kalmomin biyu suna rabe. Wanda ya ce duk ɗaya ne ya zubar da ma'aunin da zai auna sarki da shi, domin in kowace takawa taƙama ce, to babu sarkin da ya fi wani laifi, babu kuma abin da za a nema daga mai mulki illa ya sauka. Wannan matsayi yana da daɗin faɗa a dandali, amma bai taɓa gyara halin hakimi ko ɗaya ba.

Abin da malamai suka sani

Masu wa'azin da suke yi wa kowace tafiya mai tsari kuɗin goro su ma suna da buƙatar komawa ga littattafansu. Gaskiya ne Alƙur'ani ya yi magana kan taku fiye da sau ɗaya. Aya ta 37 a Suratul Isra'i ta hana tafiyar fankama, ta tuna wa mutum cewa ƙafarsa ba za ta tsaga ƙasa ba, tsawonsa kuma ba zai kai na duwatsu ba. Aya ta 18 da ta 19 a Suratu Luƙman sun haɗa hanin da umarnin tsakaitawa a tafiya da sassauta murya. Aya ta 63 a Suratul Furƙan ta sa tafiya cikin sauƙin kai a farkon siffofin bayin Allah na ƙwarai. Amma babu inda aka ce a ja ƙafa kamar marar lafiya. Siffar tafiyar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda ta zo a Shama'il na Tirmizi, ta mai ɗaga ƙafa da ƙarfi ce, kamar mai gangarowa daga tudu.

Akwai ma inda aka yarda da tafiyar nuna ƙarfi. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Abu Dujana ya karɓi takobin Annabi, ya ɗaura jan ƙyalle a ka, ya shiga tsakanin rundunoni biyu yana taƙama, aka kuma bayyana cewa tafiya ce da Allah yake ƙi sai a irin wannan wuri. A Umarar ramuwa, shekara ta 7, da Ƙuraishawa suka ce zazzaɓin Madina ya raunana Musulmi, an umarci sahabbai su yi sassarfa suna girgiza kafaɗa a zagaye uku na farkon ɗawafi, kuma har yau alhazai suna yi. Darasin a bayyane yake: ana hukunta taku ne da wurin da aka yi shi, da wanda aka yi dominsa. Taƙamar da aka yi a gaban maƙiyi mai takobi daban take da wadda ake yi a gaban mai tallan gyaɗa.

Masu kirarin da ba sa taka ƙasa

A nan ne maganar ta iso ga yau. Mutumin da ake yi wa kirarin Takawa a shafukan sada zumunta galibi ba ya tafiya ko kaɗan. Daga ƙofar gida mota, daga mota ƙofar ofis. Abin da jama'a suke gani kwambar motoci ce mai baƙin gilashi, jiniya a gaba, masu bulala a gefe, mai Keke Napep yana neman inda zai raɓe. Duk siffar da ta sa takawa ta zama abin girmamawa an juya ta: maimakon sannu gudu, maimakon bayyana ɓuya, maimakon bara ya ce wa ubangida hattara, ubangida ne yake aiko yaransa su ce wa gari a kauce. Idan aka yi tambayar nan ta gargajiya, da me yake taƙama, amsar tana nan jere a kan titi ana iya ƙirga ta. Wannan ita ce taƙama da cikakkun sharuɗɗanta, abin nunawa da 'yan kallo, kuma ita ce ɓuyan da Magili ya yi gargaɗi a kansa shekaru fiye da 500 da suka wuce.

Kiran irin wannan mutum Takawa ya wuce ƙaryar maroƙi, wadda kowa ya san farashinta. Yana koya wa yaro mai tasowa cewa girma shi ne a gudu a bar mutane cikin ƙura. Yana kuma cutar da ƙalilan ɗin da suke riƙe da amana da gaske, alƙalin da yake zama ya saurari ɓangare biyu, shugabar makarantar da take zagaya azuzuwa da ƙafarta, mai unguwar da ake samu a ƙofar gidansa, domin kalmar da ta dace da su an riga an kashe ta a kan wanda bai cancanta ba.

Gyaran yana hannun masu rubutu, kuma ba shi da tsada. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, Gboard da Windows duka suna da allon rubutun Hausa, saukar da shi ba ya cin minti biyar. Gidan jaridar da yake biyan mai tace labarai ba shi da uzurin buga "takama", kamar yadda ba zai yarda a buga sunan mai gidan da kuskure ba. Mai fassara ya daina zuba "tafiya" a duk inda ya ga mutum yana motsi, ya tsaya ya duba ko sanɗa ce, ko rangwaɗa, ko tangaɗi. Malamin Hausa ya ƙi karɓar asalin kalmar da ba a kawo masa ƙa'idar sauti a kansa ba, komai daɗinsa a kunne. Mai gabatar da shiri kuma, kafin ya kira wani Takawa, ya tambayi kansa yaushe rabon da a ga mutumin a ƙasa, cikin mutanen da yake mulka, yana tafiyar da mai kuka zai iya cim masa. Idan amsar ta yi nisa, Hausa tana da ɗaya kalmar, kuma da ƙugiya ake rubuta ta.